Kana Sayar da Littafin Lissafi, Kai Ba Ka da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da kayan rubutu a Kano: littattafan 'yan makaranta, biro, fensir, fayil da takardar A4. Shekara biyu ke nan abin yana ja da baya, kullum kayan shago raguwa suke yi. Ina ganin zamanin takarda ne ya wuce, kowa ya koma waya da kwamfuta, har jarrabawa ma a kwamfuta ake yi. Ɗan yayana ya san harkar waya, ya ce in karyar da kayan da suka rage, za su yi kamar naira miliyan 4, mu kama shago a Farm Centre, cikin shekara guda kuɗin zai ninka. Akwai makarantun kuɗi kamar tara da nake bi bashi, zai kai miliyan 2 ko ya ɗan fi, ban riƙe adadin ba don a WhatsApp muke magana kuma an sace wayar da azumi. In sauya sana'a yanzu ko in jira?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bar jaki kana dukan taiki. Duk tsawon saƙonka magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, ita ce wadda ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba: miliyan 2 ko ya ɗan fi, ban riƙe adadin ba. Mutum kayan shagonsa kaf miliyan 4 ne, kwatankwacin rabin wannan yana hannun mutane, bai san wa zai ba shi nawa ba, sannan ya ce kwamfuta ce ta kashe masa kasuwa. Ga littafin lissafi mai bangon kwali nan jere a kantarka, maƙwabta suna saye suna rubuta bashinsu, kai ba ka taɓa cire ɗaya ka sa sunan shagonka a kai ba.

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka. Cewa ka yi kaya suna raguwa, ba ka ce masu saye sun ɗauke ƙafa ba. Da takarda ce ta daina tafiya, da kaya sun yi maka kwantai, shago ya cika maƙil, ƙura ta lulluɓe katan-katan. Naka fita suke yi. Kuɗinsu ne ba ya dawowa da ƙarfin da zai mayar da gurbinsu.

Ga yadda abin yake cin jari. Farar takardar da muke rubutu a kai galibinta daga waje take zuwa. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku ba su riƙe wannan kasuwa ba. Double A daga Tailan yake, Chamex daga Brazil, PaperOne daga Indunusiya, saboda haka farashin rim bin dala yake yi. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,500 a 2024. To a ce ka saro katan ɗin A4 mai rim biyar a kan dubu 20, ka ba makaranta bashi a dubu 22, kana murna ka ci dubu biyu. Suka biya bayan wata uku, lokacin katan ya koma dubu 25 a wurin sari. Katan 100 ka fitar, kuɗin da ya dawo katan 88 zai saya. A yi haka zango uku a jere, ɗarin nan ya zama 68. Wannan fa idan sun biya cif ke nan, kuma ka san abin da za ka karɓa. Kai ba ka sani ba.

Bashin makaranta da ba a rubuta ba hanyar mutuwarsa sananniya ce. Mai makaranta ya kira a waya, a aiko da dozin 30 na littafi mai falle 60 da katan biyu na takarda. Direban makaranta ya zo ya ɗauka, babu wanda ya sa hannu. Bayan sati uku an turo dubu 150 ba a ce na wane kaya ba ne. Kafin ƙarshen zango an ƙara ɗaukar wasu. Sai mai riƙe da kuɗin makarantar ya bar aiki, sabo ya zo ya ce shi abin da ya tarar a fayil zai biya, fayil kuwa babu sunanka. Mafi muni shi ne mai makarantar ya rasu, ka je gaban magada hannu rabbana, su ce kawo takarda. Ba sai sun yi niyyar cin haƙƙinka ba, su ma ba su sani ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba don mutanen banza aka saukar da ita ba.

Aikin da ke gabanka na wata guda ne. Ka je banki ka karɓi bayanin shige da ficen asusunka na shekara biyun nan, ka ja layi a ƙarƙashin duk kuɗin da ya fito daga makarantun ko daga masu su. Ka haɗa da rasitan da masu ba ka sari suka ba ka. Ka zaunar da yaron shago, shi ya ɗaura kayan, ya fi ka tuna abin da ya fita. Idan lambarka ta dawo, ka gwada dawo da tsofaffin saƙonnin WhatsApp, in an taɓa kunna ajiyarsu a Google Drive za su dawo, in ba a kunna ba ka haƙura. Sannan ka bi makarantun ɗaya bayan ɗaya a sati biyun farko na zango, lokacin da iyaye ke biyan kuɗin makaranta, ko gab da jarrabawa lokacin da ake koro waɗanda ba su biya ba. Tsakiyar zango aljihunsu albashin malamai ya cinye. Kada ka fara faɗin adadi. Ka ce ka zo a daidaita lissafi, su buɗe nasu. Abin da kuka tsaya a kai a rubuta shi nan take, kwafi biyu, da ranakun biya, mai makarantar da kansa ya sa hannu a buga hatimi. Ko da ka ga an ɗan rage maka, ka karɓa. Dubu 180 da aka sa wa hannu ya fi dubu 220 da ke cikin kanka.

Daga nan sai tsari. Littafin rasit mai lamba, mai kwafi uku: ɗaya ya bi kaya, ɗaya a sa hannu a dawo maka da shi, ɗaya ya zauna a jikin littafin. Babban littafi ɗinkakke, ba mai zare-zaren waya da ake cire falle ba a gane ba, ka bi shafukansa ka sa musu lamba da biro. Kowace makaranta shafi biyu masu kallon juna: kwanan wata, lambar rasit, kayan da aka ɗauka, kuɗinsu, abin da aka biya, saura. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a rubuta daidai a gefe, ban da gogewa. Rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran cikin kwana 30, kuma ba a ɗora sabon kaya a kan tsohon bashi. A ra'ayina duk bashin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kayan shago. Wata makarantar za ta yi fushi ta koma wani wuri. Ka bar ta, ɗaya daga cikin masu cin jarin ce.

Waya kuwa ba cewa na yi ka jefar da ita ba. Takarda ce asali, waya kwafi. Kullum kafin ka rufe shago ka ɗauki hoton shafin da aka taɓa a ranar, ka tura imel ɗinka ko wayar wani amintacce a gida. Minti biyu ne. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris ɗin 2016 sun san littafin da ya kwana a shago tare da kaya yake ƙonewa. Manhajojin lissafi na waya suna da kyau wajen tara jimla da tuna maka ranar biya, amma ana iya sauya lamba a cikinsu babu alama, kamfanin da ya yi su kan iya rufewa, kuma sau da yawa lambar sirrin tana hannun yaro ne ba maigida ba. In ta kai ga kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da bayanan na'ura, amma da sharuɗɗa da takardar tabbatar da yadda aka fitar da su. Takarda mai sa hannu da hatimi ba ta buƙatar wannan zagayen. Ƙaramin rasit ɗin POS ma kada ka dogara da shi, rubutunsa da zafi aka buga, a zafin Kano 'yan watanni kaɗan zai koma fari fat. Ka kwafe lambarsa a littafi.

Batun mutuwar takarda, akwai abin da ya mutu da gaske: takardar wasiƙa, katin gaisuwa, littafin adireshi, ribon tafireta. Alli ma farin allo da alƙalaminsa na maka sun ture shi a makarantun kuɗi da yawa. Dayari da kalanda kuwa in Fabrairu ta wuce suna hannunka sun zama na ƙunshin ƙosai. Amma kwamfuta cin takarda take yi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, duk da haka ɗalibi sai ya buga takardar rajista, ta ranar jarrabawa, ta sakamako, ta samun gurbi, ya yi fotokwafi ya sa a fayil. Ɗan aji ɗaya na firamare kuma har gobe a littafin 2A yake koyon riƙe fensir. Kayan da na'ura ta haifar su ne A4, tawadar firinta irin su 85A da 12A, nadin takardar POS mai faɗin milimita 57, maka da tawadarta, ledar laminetin, zoben ɗaure takardu. Masu shagunan buga takardu da masu POS ne ke saye, kuma yawancinsu kuɗi hannu, abin da kake buƙata ke nan. Ka fara da kaɗan. Tawadar firinta jabu ta yi yawa, ka tsaya ga mai sari ɗaya da zai karɓi kayansa in sun ba da matsala. Takarda kuma a kan katako ake jera ta nesa da bango, don rim ɗin da ya sha danshin damina maƙalewa yake yi a inji, mai fotokwafi ba zai sake dawowa wurinka ba.

Shagon waya kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kayan da aka ce miliyan 4 ne, in ka ce karyarwa za ka yi, sa'a ce ka samu uku. A ciki za ka biya hayar shago, ka yi kanta da gilashi, abin da ya rage wayoyi nawa zai saya? Kai ba ka bambance wadda aka sauya wa fuska da sabuwa, ba ka san wadda aka sato ba sai 'yan sanda sun biyo sawu, kuma waya in sabon samfuri ya fito tsohuwar faɗuwa take yi tana cikin gilashi. Ɗan yayanka shi zai saro, shi zai sa farashi, shi zai sayar, shi zai gaya maka an ci riba ko an faɗi. Ban ce yaron ba shi da amana ba. Amma wanda kunya ta hana shi cewa mai makaranta ya sa hannu, yaya zai ce wa ɗan yayansa kawo littafi in duba? Wanda ya ce maka kuɗi zai ninka a shekara, ka tambaye shi nasa nawa ya zuba.

Ka gama zagayen makarantun nan tara tukuna, ka ƙirga kayan shago ɗaya bayan ɗaya a farashin sari na yau. Sannan ka sake rubuto mini da adadin bashin cif, da abin da ka riga ka karɓo, da kaya biyar da suka fi fita a watan.