Ina Son Tattali, Ina Kuma Son Ɗaukar Hoto: Yaya Zan Haɗa Biyun?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai albashin wata, ina da mata da yara biyu. Abin da ke faranta mini rai bayan aiki shi ne ɗaukar hoto. Matsalata ita ce, sai in yi wata uku ko huɗu ina matse kaina, ko abin da ya zama dole sai na yi ta ja-in-ja da zuciyata kafin in saya. Sai kuma rana ɗaya in ga wani gilashin kyamara, in kwashe duk abin da na tara in saye shi. Daga nan sai nadama, sai ɓoye wa uwargida. In haƙura da hoton ne gaba ɗaya, ko akwai yadda mutum zai yi tattali kuma ya ci gaba da abin da yake so?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bar hoton. Abin da muka gani a bayaninka shi ne ba ka taɓa yanka wa wannan sha'awa rabonta a cikin kuɗinka ba. Duk abin da rai ke so aka hana shi rabo, jira yake yi ranar da mutum ya gaji, ya kwashi nasa da ƙarfi, kuma daga inda bai kamata a taɓa ba. Matsin wata huɗun nan shi ne ke haifar da ɓarin rana ɗaya. Don haka gyaran gida biyu ne: ka matse inda ba za ka ji zafi ba, sannan ka ba hoton aljihunsa shi kaɗai.

Fara da rubutu. Kwana 30 cur, duk abin da ya fita daga hannunka ka rubuta shi a ranar, a ƙaramin littafi ko a waya, komai ƙanƙantarsa. Kada ka canza halinka a cikin watan, domin ainihin yadda kake kashe kuɗi ake so a gani. Wannan dabara tsohuwa ce: a Japan wata 'yar jarida, Hani Motoko, ta fito da littafin lissafin gida a 1904, wanda ake kira kakeibo, kuma har yau ana amfani da shi. Idan wata ya ƙare, ɗauki biro ka yi wa kowane layi ɗaya daga alamomi uku: dole, na ji daɗinsa, ko ban ma tuna da shi ba. Wannan rukuni na uku shi ne inda kuɗin hotonka ke kwance.

Akwai lissafi ɗaya da ke buɗe ido a nan. Abin da kake saya kullum ka ninka shi sau 365, na mako-mako sau 52, na wata-wata sau 12. Mu ɗauka albashinka 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake biyan ka. Wani ɗan saye-saye da ke cin rabin 1 kacal a kowace rana, kafin wata ya ƙare ya lashe 15. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Mutane da yawa suna fama da kansu a kan babban saye na sau ɗaya a shekara, alhali ƙananan da ba a ƙirgawa sun cinye ninkinsa.

Game da rabon albashi, ma'aunin da aka fi sani shi ne na 50, 30 da 20, wanda Elizabeth Warren, 'yar majalisar dattawan Amurka a yanzu, da 'yarta Amelia suka yaɗa a 2005: kashi 50 na abin da ya shigo hannu bayan haraji ya tafi ga larura, 30 ga abubuwan jin daɗi, 20 ga ajiya da biyan bashi. Magidanci mai iyali sau da yawa larurarsa ta wuce 50, kuma wannan ba laifi ba ne, daidai ruwa daidai tsaki. Abin ɗauka a cikin tsarin shi ne jin daɗi ma yana da gurbinsa a rubuce. Shawararmu ga mai hali irin naka ita ce kashi 5 cikin 100 ga hoto. Idan ba ka da bashi mai ruwa, kuma ka riga ka tara kuɗin ko-ta-kwana da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida, kana iya kai shi 8 ko 10. Idan kana da bashi mai ruwa, sauko da shi zuwa 2 ko 3, amma kada ka mayar da shi sifiri, domin sifirin ne ya kai ka inda kake yanzu. Wanda kuɗinsa ba ya shigowa daidai kowane wata, ya duba watanni shida da suka wuce ya yi lissafi da mafi ƙanƙantarsu.

Tsarin fitar da kuɗin ma yana da muhimmanci. Ranar da albashi ya shigo, a ranar za ka cire ajiya, ka cire kason hoto, ka tura kowanne inda zai zauna, sannan ka rayu da abin da ya rage. Mai cewa zai ajiye abin da ya saura a ƙarshen wata, ba abin da zai saura masa. Kason hoton ya zauna a wani asusu daban ko a ambulan da ka rubuta sunansa a jiki. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2017, ya yi bayani mai yawa a kan yadda mutane ke raba kuɗi gida-gida a cikin zuciyarsu, suna riƙe wani da ƙarfi, suna sakin wani da sauƙi, gwargwadon sunan da suka sa masa. Yi amfani da wannan hali. Kuɗin da aka rubuta wa "ko-ta-kwana" hannu yana nauyin taɓa shi, wanda aka rubuta wa "hoto" kuwa ka kashe shi hankali kwance, ba sai ka nemi afuwar kowa ba.

Wannan aljihu na hoto ka sake raba shi biyu. A cikin 5 ɗin nan, 2 na hidimar yau da kullum ne: batir, memori, wanke hoto, kuɗin mota zuwa inda za ka ɗauka. Sauran 3 su taru don babban saye. Idan gilashin da kake hari ya kai 60, wata 20 ke nan. Ka rubuta watan da zai cika a jikin ambulan ɗin. Za ka ga kamar ya yi nisa, amma jiran yana yi maka aiki: ko dai sha'awar ta mutu a hanya kuɗinka ya tsira, ko ta tabbata ka saya da sanin abin da kake so.

Yanzu ga wurin da masu sha'awa suka fi faɗawa, wato sayen kaya a madadin yin aikin. Sayen sabon abu yana ba da irin daɗin da ƙwarewa ke bayarwa, ga shi kuma ba wahala. Kafin ka sayi komai, ka iya faɗin hoton da ka yi ƙoƙarin ɗauka kayanka na yanzu suka kasa, kuma hakan ya faru aƙalla sau uku. Idan ba za ka iya nuna hotunan nan uku da suka lalace ba, hannunka ne ke buƙatar horo, kuma horo kyauta ne: haske na safe da na yamma, tsayuwa a inda ya dace, haƙurin jira. Idan kuwa ka nuna su, to auna sayen da yawan amfani. Gilashi na 60 da za ka iya sayar da shi 20 bayan shekara uku, ainihin abin da ya ci maka 40 ne. Idan kana fita da shi kowane mako, sau 156 ke nan, kowace fita ta tashi a kan kusan rubu'in 1. Idan sau huɗu a shekara za ka ɗauko shi, sau 12 ke nan, kowace fita ta haura 3. Irin wannan na biyu haya ko aro ya fi dacewa da shi.

Ka kuma tambayi abin da sabon kayan zai jawo a bayansa. Sabuwar kyamara na iya zuwa da batir irin nata, wataƙila tsofaffin gilasanka ba za su hau ta ba sai da wani abin haɗi, hotunanta sun fi nauyi don haka memori da ma'ajiyar kwamfuta za su cika da wuri. Haka abin yake a kowace sha'awa. Mai keke yana canza sarƙa da taya, mai kiwon tsuntsaye yana sayen abinci da magani kowane wata, mai zane fenti da takarda ke cin kuɗinsa. Kuɗin shiga sau ɗaya ake biya, na riƙo kuwa ba ya ƙarewa, shi ya kamata a fara lissafawa.

Kayan hannu suna rage tsada sosai a wannan fanni, musamman gilashi, domin idan an kula da shi yana shekaru yana aiki. Sai dai a duba da kyau. Cire murfinsa na gaba da na baya, haska fitilar waya ta ciki, ka leƙa ta ɗaya gefen. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce. Amma idan ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, laima ta kawo ta, tana yaɗuwa kuma tana iya cin rufin gilashin, ajiye shi ka tafi. Juya zoben saita hoto a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana ƙara kamar akwai yashi. Idan kyamara ce, tambayi adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta, sannan ka tsuke ƙofar haske, wato ramin cikin gilashi da haske ke bi ya shiga kyamara, ka ɗauki farin bango: duk wani tabo da ke ciki zai fito a hoton. Naka kayan kuma ka ajiye su a akwati mai rufuwa da kyau tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima, kada ka bar batir a mace tsawon watanni, kada kuma ka bar shi cikin zafi. Kula da abin da ke hannu shi ne tattalin da ya fi kowanne riba.

Sai tattalin gida na yau da kullum, inda kashi 5 ɗin zai fito. Buɗe bayanin asusunka na banki ka nemo duk abin da ke cire kuɗi da kansa kowane wata: manhajoji, tashoshin kallo, ma'ajiyar intanet. Wanda ba ka buɗe ba a kwana 30 da suka wuce, soke shi yau. Cefane a tafi da jeri a rubuce, a kwatanta farashi da awo ko nauyi, domin babban ƙunshi ba kullum ya fi sauƙi ba, kuma sari yana da riba ne kawai ga abin da ba ya lalacewa kuma tabbas za a ƙarar da shi. Ƙwan fitila na LED yana cin wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon ƙwai mai zare ba, ya kuma fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Famfo mai ɗiga, taya mai ƙarancin iska, takalmin da ɗinkinsa ya fara buɗewa, duk a gyara su tun suna ƙanana. Goge lambar katinka daga shagunan intanet, ka daina bin shafukan da ke tallar kayan hoto. Abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙwallafa rai a kansa. Ƙaramin saye a jira kwana biyu kafin a yi shi, babba a jira kwana 30.

Akwai kuma inda ba a matsewa, kuma muna faɗin wannan da ƙarfi saboda ka ce har abin dole kana ja da shi. Lafiya, karatun yara, cimar iyali da haƙƙin uwargida ba wuraren rage kuɗi ba ne. Wanda ya ɗage zuwa asibiti don ya tara kuɗi, ninkinsa zai biya daga baya. Haka ma sayen mafi arha a abin da ake amfani da shi kullum, araha ba ta ado, sau biyu za ka saya.

Tarko uku za su zo maka, gara ka san su tun yanzu. Rangwame: abin da ba ya cikin shirinka, ko an rage masa kashi 40, kashi 60 ka kashe. Biya kaɗan-kaɗan: ninka kuɗin wata da yawan watannin ka kwatanta da farashin kuɗi hannu, za ka ga bambancin, mu dai ba ma goyon bayan cin bashi don abin nishaɗi ko kaɗan. Na uku shi ya fi wayo, wato zuciya ta ce maka ai kayan zai mayar da kuɗinsa idan ka fara ɗaukar hoto ana biyan ka. Idan da gaske ne, fara karɓar aiki da kayan da kake da su, abin da ya shigo ka zuba rabinsa a aljihun hoto, shi ya sayi sabon. Kuɗin da ya faɗo ba zato, kamar ƙarin albashi ko kyauta, shi ma ka yanke hukuncinsa kafin ya zo: misali kashi 20 ga hoto, sauran ga ajiya.

Maganar ɓoyewa kuwa, ita ta fi damun mu a wasiƙarka. Zauna da uwargida ka nuna mata rubutun kwana 30 ɗin, ka faɗa mata gilashin da ka saya da abin da ya ci. Ku amince a kan kason hoto tare, ita ma a ware mata kwatankwacinsa don abin da ranta ke so, ba tare da an tambaye ta me ta yi da shi ba. Ku kuma yanke wani adadi wanda duk sayen da ya haura shi sai an yi shawara. Gilasan da ka riga ka saya, fito da su ka jera a kan tebur. Wanda ka yi wata 12 ba ka ɗora a kyamara ba, sayar da shi, ko da ƙasa da yadda ka saye shi ne, domin kuɗin da ya tafi ya riga ya tafi, ajiye shi a jaka ba zai dawo da shi ba. Abin da ka samu, fara mayar da shi cikin ajiyar da ka kwashe har ta koma yadda take, ragowar ya zama zubin farko a ambulan ɗin hoto.