Matambayi Ba Ya Ɓata: Wa Zai Fara Ajiye Makamin Ƙare-Dangi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, da rani kuma ina taɓa facin taya a bakin titi. Kullum bayan lisha mukan saurari labaran duniya a majalisarmu, to ran nan sai musu ya kaure. Ana ta batun a hana Iran mallakar makamin nukiliya, alhali masu hanawar su ne suka jibge shi a gidajensu. Wani abokinmu ya ce adalci shi ne kowace ƙasa ta ƙera nata, har da Najeriya, kowa ya ji tsoron kowa. Ni kuwa na ce gara a lalata su gaba ɗaya. Aka kwashe da dariya, wai mafarki nake. Baba, wa ya ba wasu izini ya hana wasu? Akwai ranar da za a rabu da su kuwa? Sannan da gaske ne akwai irin wannan abu a Zariya?

Mai karatu daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da 'yan majalisar taku, har da abokin naka, don maganarsa ba ta banza ba ce, zan zo kanta.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, ina yaro ban fi shekara takwas ba, wani hunturu mahaifiyata ta tsiri rufe randa da faifai biyu, ta danne da ɗan dutsen niƙa, ta kuma daina shanya kuka da kuɓewa a tsakar gida. Wai an ce hazon bana da guba, Nasara sun fasa wani abu a hamada. Mu yara dariya muke yi mata. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane maganar tana da tushe. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga arewa ta zube mana. Ta sake a Afrilu, ta ƙara a Disamba. A kan na ukun ne gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yancin kai, ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta kuma rufe wa jiragen Faransa na ruwa da na sama ƙofa. Saboda haka in wani ya ce maka wannan zancen manyan ƙasashe ne, ina ruwan mai gero da dawa, ka ba shi labarin faifan tsohuwata.

Wa ya ba su izini? Babu kowa. Riga kowa shiga ɗaki suka yi, suka ja ƙyaure. Amurka ce ta fara a 1945, kuma ita kaɗai ta taɓa jefa shi kan mutane: Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. Kafin shekarar ta fita, mutum wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima kaɗai. Yawancin yuraniyam ɗin da aka yi aikin da shi ma daga Afirka aka haƙo, a mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango. Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, Ingila 1952, Faransa 1960, Sin 1964. Da suka cika biyar sai aka zauna aka rubuta yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1968, ta fara aiki a 1970, aka ce wanda ya gwada kafin 1 ga Janairu 1967 shi ne aka san da zamansa. Su biyar ɗin nan dai su ne masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Amma ba kyauta sauran ƙasashe suka yarda ba. An ɗora yarjejeniyar bisa duwatsu uku kamar murhu. Marasa makamin sun yi alkawarin ba za su ƙera ba, za su kuma bar masu bincike na hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, su riƙa leƙa musu. An yi musu alkawarin fasahar nukiliya ta zaman lafiya, wato wutar lantarki da magani da noma. Na ukun, sashe na shida, ya ce masu makamin za su zauna da zuciya ɗaya su tattauna yadda za su rabu da nasu. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka sa hannu, tun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Dutse na ukun nan ne ya daɗe a karkace. An haura shekara hamsin, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba. Biyun farko sun fito fili da gwaje-gwajen 1998, Isra'ila kuwa ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Koriya ta Arewa ta fice a 2003, ta gwada a 2006. Tara ke nan. Iran tana cikin yarjejeniyar, ta kuma ƙulla wata ta musamman da manyan ƙasashe a 2015, Amurka ta janye daga ita a 2018. In kun ce akwai son kai a wannan tsari, ban musa muku ba ko kaɗan.

To ga abokin naka. Da ina majalisar da na ƙara masa hujja. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a Disambar 2003, aka yi ta tafa masa. A 2011 jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suna shawagi a kan Libiya aka kashe shi. Ukraniya ta gaji ɗimbin makamai daga Sobiyet, ta mayar wa Rasha bisa takardar Budapest ta 1994 da aka yi mata alkawarin mutunta iyakokinta. A 2014 aka karɓe Kirimiya, a 2022 aka afka mata gaba ɗaya. Shugaban Koriya ta Arewa kuwa yana nan daram, sai dai a yi ta yi masa Allah wadai daga nesa. Duk shugaban da ya ga gemun waɗancan biyun ya kama wuta, ka san ruwan da zai shafa wa nasa. Manyan ƙasashe da hannunsu suka ɓata wannan ciniki.

Duk da haka ban bi bayansa ba. Dabarar kar-ta-san-kar tana aiki ne muddin kowane mai riƙe da makamin yana cikin hayyacinsa, kuma na'ura ba ta yi masa ƙarya ba, kullum, ba fashi ko na dare ɗaya. Ranar 26 ga Satumba 1983, wani hafsan Sobiyet mai suna Stanislav Petrov yana bakin aiki da tsakar dare, kwamfuta ta nuna masa Amurka ta harbo makamai masu linzami, ɗaya, sannan har biyar. Ya yi nazari ya ce wanda zai fara irin wannan yaƙi ba zai fara da biyar ba, ya shaida wa na sama da shi cewa kuskuren na'ura ne. Ashe hasken rana ne ya bugi gajimare, tauraron ɗan'adam ya ɗauka wutar roka ce. Mu a lokacin muna nan muna fama da ƙarancin damina, ba mu san an tsallake rijiya da baya ba. Da ƙasashe tara ma haka ake kwana da zullumi, ina ga an kai arba'in, wasu ana juyin mulki duk bayan 'yan shekaru? Kuma masana yanayi sun daɗe suna gargaɗin cewa in birane da yawa suka ƙone, hayaƙin zai hau sama ya rage hasken rana na shekaru, damina ta rikice, amfanin gona ya faɗi har a ƙasashen da ba a jefa musu ko tsakuwa ba. Batun Najeriya ta ƙera kuwa, a fara kawo wuta garinku tukuna, injin facinka ya huta da cin fetur.

Saura mafarkin naka. Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye a ƙasar Kazaure, rikicin iyakar gona ya haɗa gidaje biyu, har ta kai kowa ba ya fita shara sai da adda da kwari da baka. Liman ya yi wa'azi ya gaji. Kowane ɓangare cewa yake ni ma ba so nake ba, su fara ajiyewa. Dagaci bai ce da kowa ya ji tsoron Allah ba a ranar. Tabarma ya sa aka shimfiɗa a gindin tsamiya, ya ce gidan nan su kawo baka ɗaya, gidan can su kawo ɗaya, wakilinsa yana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Sannan ya aika mutum ɗaya daga kowane gida, tare da dogari, ya leƙa zaure da bayan rumbun ɗaya gidan. Ina tsaye a wurin. Ba son juna suka fara yi ba, har aka tashi ba wanda ya ba wani hannu, amma daminar nan kowa da fartanya kaɗai ya fita.

Duk raguwar da aka samu a duniya ta irin wannan hanya aka same ta. A tsakiyar shekarun 1980 makaman sun kai wajen 70,000. Yanzu suna kusan 12,000, kusan kashi tara cikin goma a hannun Amurka da Rasha. A 1987 shugaban Amurka Reagan da na Sobiyet Gorbachev, waɗanda ba su yarda da juna ba ko na sisin kwabo, suka sa hannu aka lalata rukuni guda na makamai masu cin matsakaicin zango, kowane ɓangare ya tura mutanensa su gani da ido, gani ya kori ji. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta sirka tan 500 na yuraniyam ɗin bam, wanda ya isa kawunan bam kimanin 20,000, ta sayar wa Amurka aka ƙone shi a tashoshin lantarki. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta kwance su da kanta, shugabanta de Klerk ya sanar a 1993, ko da yake wasu na cewa gudun kada su faɗa hannun baƙar fata ne ya sa, kuma ban ga laifin mai wannan zargi ba. Nahiyarmu ta haramta wa kanta makamin da yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996.

A 2017 ƙasashe 122 suka amince da sabuwar yarjejeniya mai haramta shi ɗungurungum, ta fara aiki a Janairun 2021. Najeriya ta tabbatar da ita ranar 6 ga Agusta 2020, shekara 75 cif da Hiroshima. Ko ɗaya cikin taran nan ba ta shiga ba, haka ma 'yan NATO. Ni ina yi mata kallon wa'azin liman ne: ba ya ƙwace baka daga hannun kowa, amma yana sa mai riƙe da shi ya fara sunkuyar da kai, kuma ba don wa'azin ba da dagaci bai sami bakin shimfiɗa tabarma ba. Abin da ke damuna tabarmar ce ake naɗewa. Yarjejeniyar 1987 ta mutu a 2019. Wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawuna 1,550 kowacce, Rasha ta dakatar da aiki da ita a 2023, leƙen juna ya tsaya. Sin kuma tana ƙara nata. Ni da na haura saba'in ba na sa ran ganin ranar da kake tambaya. Kai ma ban yi maka alkawari ba. Amma ka gaya wa masu dariya cewa daga 70,000 zuwa 12,000 ba a barci aka gan shi ba.

Na Zariya kuwa ba bam ba ne. Wata 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ce ta bincike a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar Sin, ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30, janareton wani injin niƙan ma ya kusa kamo ta. Da ita ake gwada ƙasa da ma'adinai da abinci a ga me ke cikinsu, a kuma horar da ɗalibai. Da farko tana aiki da ɗan yuraniyam mai ƙarfi, kusan kilo ɗaya, irin wanda in an tara da yawa ake iya bam da shi. A 2018 aka sauya mata da marar ƙarfi, aka ɗauki tsohon a jirgin sama aka mayar da shi Sin.