Tambarin da ka gani a kabarin tsohon safiyon nan

Sani, na ga hoton da ka turo jiya da dare, kabarin wani safiyon gunduma na ƙauyen Amurka da ya rasu tun kafin 1900, kana tambaya wai sukwaya da kamfas ɗin zane da aka sassaƙa a jikin dutsen kayan aikinmu ne? kuma wai ta yaya suka iya awo babu GPS. To ba namu ba ne. Tambarin 'yan Firimesin ne, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan uwantaka ta maza, shi ya sa ka ga harafin G a tsakiya, asalinsa daga magina dutse ya fito. Amma bari in fara da awon tukuna don shi ya fi shafarka.

Mutumin nan kayansa duka doki ɗaya ke ɗauka, kamfas na maganaɗisu da ake kafawa a kan sanda, da sarƙar ƙarfe, da littafin fili. Sarƙar Edmund Gunter ce ta 1620, ƙafa 66, ƙulli 100. Ka ja ta sau 80 ka yi mil ɗaya, fili mai sarƙa 10 a tsawo 1 a faɗi eka ɗaya ke nan cif, ka ga lissafin ko da ka sai ka yi shi. Mutum biyu ke jan sarƙa, ɗaya da gatari yana share hanya, kuma har rantsar da masu jan sarƙar ake yi don ɗan sakaci kaɗan gonar wani ta ragu.

Tun dokar 1785 gwamnatin tarayyarsu ta yanka ƙasar yamma gida-gida, mil 6 ta kowane gefe, a ciki sashe 36, kowane sashe eka 640. Wannan safiyoyin gwamnati suka yi. Shi na gunduma daga baya yake zuwa, lokacin da magada za su raba gona ko za a fitar da hanya ko maƙwabta sun fara nuna wa juna yatsa a kan shinge. A jihohi da yawa zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma galibi kuɗin aiki yake karɓa ba albashi ba, shi ya sa za ka same shi manomi ne ko malamin makaranta a gefe. Ko Abraham Lincoln ya yi mataimakin safiyo a gundumar Sangamon ta Illinois daga 1833, har aka taɓa ƙwace masa doki da kamfas saboda bashi, wani abokinsa ya saye a gwanjo ya mayar masa. Ka ga aikin ba na yin kuɗi ba ne tun fil azal, kada ka ce ban gaya maka ba.

Yanzu ka buɗe kunne a nan. Babban aikinsa ba awo ba ne, neman turken farko ne. Safiyon farko ya kafa itace ko dutse a kusurwa, ya sassaƙe bishiyoyi na kusa ya rubuta nisansu da inda suka fuskanta, to bayan shekara 40 turken ya ruɓe, bishiyar an sare, sai ka ga dattijo durƙushe yana tona ƙasa yana neman baƙin tabon ruɓaɓɓen itace ko kututture, yana tambayar tsofaffin gari ina shingen kakansu ya tsaya. In ya samo turken, ko sarƙarsa ta nuna an yi kuskuren ƙafa 20 ba ya matsar da shi, nan ne iyaka, kotu ma haka take bi. Don sarƙa tana miƙewa in ta tsufa, allurar kamfas tana karkata da shekaru, in akwai tama a ƙasa ma haukacewa take yi, abin da ya sa William Burt ya ƙera kamfas mai aiki da rana a 1835 ke nan.

Batun loj kuwa, wato reshen 'yan Firimesin na gari inda suke taro, na san da an ce Firimesin hankalinka ya tafi ƙungiyar asiri, kuma e suna da rantsuwa da sirrinsu, a 1826 ma wani William Morgan ya ɓace a jihar New York bayan ya ce zai tona, jama'a suka juya musu baya shekaru da yawa. Ni ba ruwana da su. Amma a ƙauyen can loj ne inda likita da mai kanti da alƙali suke haɗuwa, su yi karo-karo, in ɗan uwa ya mutu su binne shi su duba matarsa da marayu. Wasu ma sai daren farin wata suke taro don masu doki su ga hanyar gida. Mutumin da ke neman ƙuri'a, kuma yake so manoma biyu masu fushi su yarda da bakinsa, ai dole ya zauna inda ake sanin mutane. Lincoln dai bai shiga ba.

Ranar Asabar da ka kafa na'ura a filin nan ka ce bikon ɗin, wato turken iyaka, ya kauce da rabin mita a tuge shi, ka tuna na hana ka? Gobe in Allah ya kai mu ka zo da diga da tsohon fulan ɗin, ƙarfe bakwai, akwai bikon biyu na gabas da ba mu gano ba tukuna, kuma ka biya ta gidan mai unguwa ka ce ina gaishe shi, muna son dattijon da ya san filin tun yana gona.