Lambun da nake ratsawa kowace safiya

Ƙanena, saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce kana son zuwa Ingila karatun fim, amma rashin babbar kyamara ya hana ka sukuni, kuma kana ganin in ba London ba, babu inda ake koyon sana'ar. To, saurara.

A garin Hove, maƙwabcin Brighton a bakin teku, akwai wani lambu da ake kira St Ann's Well Gardens. Ta cikinsa nake bi in zan tafi aiki. Yau yara ne ke guje-guje a ciki, tsofaffi na zagayawa da karnukansu. Shekaru fiye da 120 da suka wuce kuwa, wani mutum mai suna George Albert Smith ne ke riƙe da hayarsa, yana nuna wa jama'a hotuna da fitila a jikin farin ƙyalle. Irin fitilar nan ce ta ba mu kalmar majigi. A 1897 ya fara ɗaukar fim. Ɗakin famfon ruwa na lambun ya mayar wurin wanke fim, daga baya ya gina ɗakin gilashi don rana ta zame masa fitila. Matarsa, Laura Bayley, ta fito a da yawa daga cikin finafinansa.

A 1900 ya yi wani ɗan fim da bai kai minti biyu ba. Yaro ya ɗauki gilashin karatun kakarsa yana leƙa abubuwa, duk abin da ya leƙa sai ya cika allo: cikin agogo, tsuntsu a keji, kan kyanwa, sai idon kakar yana jujjuyawa. Ba magana, ba kiɗa a jikin fim ɗin. Ranar da na fara ganinsa sai da tsigar jikina ta tashi, domin wannan yanka daga hoto zuwa hoto da matso da fuska da kuke yi kullum a finafinan Kano, ga shi nan tun yana jariri.

Maƙwabcinsa James Williamson mai kantin magani ne a Church Road. A 1901 ya haɗa kai da 'yan kwana-kwanan Hove ya yi fim ɗin gobara, yana yanka daga titi zuwa cikin ɗakin da ke ci da wuta.

Abin bai ɗore ba. Smith ya koma neman fim mai launi, ya yi rajistar dabararsa ta Kinemacolor a 1906, kotu ta soke rajistar a 1914. Ya rasu a 1959. Ɗakin gilashin babu shi yanzu; amma a gidan tarihi na Hove ana ganin tsofaffin kyamarorin zamanin.

Ina son ka zo, wallahi, amma ba hannu rabbana ba. Makarantun fim a nan sukan nemi ka nuna aikin da ka riga ka yi, kuma kuɗin haya a Brighton yana da nauyi sosai, kada wani ya ruɗe ka. Wayar hannunka ta fi kyamarar Smith nesa ba kusa ba. Ka ɗauki Hajiya tana tankaɗe a tsakar gida, minti biyu, ba magana, hannunta da rariya su ba da labarin. Ka turo min kafin Sallah mu duba tare, sannan mu yi maganar takardu. Ka gaishe ta da kyau.