Amsa ga ɗan'uwan da ke tunanin ajiye aiki kafin a rage su

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma wallahi ciwonka ciwona ne, na san irin daren da mutum yake kwana idonsa biyu yana lissafin kuɗin makarantar yara. Ka ce hukumarku ta tarayya tana cikin waɗanda za a haɗe da wata, an kira tantancewa, shekarunka 47, ka kama aiki a 2001, kana mataki na 10, ranar haihuwarka ta fayil ta saɓa da ta NIN, kuma wani babba ya ba ka shawarar ka rubuta takardar ritaya da kanka tun kafin gatari ya sauka, wai don ka fita da mutuncinka.

Kada ka rubuta. Don girman Allah kada ka rubuta. Wanda ya ba ka wannan shawarar ko dai bai san doka ba, ko kuma aikinsa yake son sauƙaƙawa. Ranar da ka sa hannu cewa kai ne ka nemi tafiya, ka rufe wa kanka ƙofa biyu: ba ka da bakin neman kuɗin sallama idan an ware wa waɗanda aka rage, kuma ba ka da ƙarar da za ka kai kotu, don za a ɗaga takardarka a ce ga rubutunka ga sa hannunka. Sannan ka duba shekarunka. Dokar fansho ta 2014 ba ta ba ka damar fara cin asusunka sai ka cika 50, in ba larurar rashin lafiya da likitoci suka tabbatar ba. Abin da kawai za ka iya taɓawa kafin nan shi ne kashi 25 cikin ɗari, shi ma sai ka yi wata huɗu cur ba ka samu wani aikin ba. In miliyan shida ce a asusun, miliyan ɗaya da rabi ke nan, kuma da ita za ka ja shekara uku. A wannan tsadar, wata nawa za ta kai ka?

Haɗe hukumomi da korar ma'aikata ba abu ɗaya ba ne. Rahoton Oronsaye, na kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa kan rage hukumomi, tun 2012 yake ajiye, shi ne ya ƙirga hukumomi 541, ya ce waɗanda doka ta kafa su 263 a mayar da su 161. A watan Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta amince a aiwatar da wani ɓangare nasa. To amma hukumar da doka ta kafa ba ta mutuwa da sanarwa, sai majalisar dokoki ta soke dokar ko ta gyara ta, kuma wannan yana cin lokaci. Ko an haɗe, waɗanda kujerunsu suka fi shiga haɗari su ne masu aiki iri ɗaya a hukumomin biyu: sashen mulki, sashen kuɗi, sashen saye-saye, direbobi. Ba za a riƙe daraktan kuɗi biyu ba. In aikinka na ƙwarewa ne wanda ɗaya hukumar ba ta da irinsa, hankalinka ya ɗan kwanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarka shi ne ranar haihuwar nan. Nan ne ake kama mutane, kuma nan ne ake zaluntar su. A ƙa'idar aikin gwamnati, ranar haihuwar da aka rubuta ranar da ka kama aiki ita ce taka har ka bar aiki, ba a canza ta. Saboda haka kada ka kuskura ka je kotu ka yi sabuwar takardar rantsuwar shekaru ka cusa a fayil. Kwamitin tantancewa da ya ga takardun rantsuwa biyu masu rana daban, ba zai tambaye ka dalili ba, zai rubuta cewa ka rage shekaru, kuma wannan babban laifi ne da ke kai ga kora, ba ritaya ba. NIN ɗin za ka gyara ya bi fayil, idan ta fayil ce ta gaskiya. Ka je ofishin NIMC, hukumar da ke bayar da NIN, ko ka yi ta intanet, ka biya kuɗin gyara, ka riƙe rasit, ka tafi da shi wurin tantancewa ko da gyaran bai fito ba. Daga nan ka duba BVN, da abin da ke cikin IPPIS, tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya, da na kamfanin fanshonka. Huɗun nan dole su zama bakinsu ɗaya, har da jerin sunaye. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a tsayar da albashin mutum wata da watanni. Ka kuma lissafa shekarar gama firamarenka da ranar haihuwar, don suna yin wannan lissafin: in ya nuna ka gama firamare kana ɗan shekara shida, ka shirya bayani.

Bari in yi maganar ɗakin ajiye fayil, don abin yana ci mini rai. Mutum ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki, ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba, ranar tantancewa a buɗe fayil a ce babu takardar tabbatar da shi a aiki. Ina ta tafi? Ba wanda ya sani. Wanda aka ɗora wa amanar fayil ɗin yana zaune a kujerarsa yana kallo, ba a ce masa uffan ba, mai fayil ne za a kira ma'aikacin bogi. A gaban yaran da shi ya koya musu rubuta takarda za a ce ya koma gefe ya tsaya. Dattijo da furfurarsa yana riƙe da ambulan hannunsa na rawa, yana rantsuwa da Allah an tabbatar da shi, ana ce masa rantsuwa ba takarda ba ce. Wani kuma a liƙa jerin sunaye a allon sanarwa da yammacin Juma'a, masu sa hannu sun riga sun watse, wayoyi a kashe, ba wanda za ka tambaya sai Litinin. Kwana biyun nan kaɗai sun isa su tayar wa mutum da hawan jini. Kuma sau da yawa masu haɗa jerin sun fi kowa sanin wanda ba ya zuwa ofis sai ranar albashi, amma shi yana da uwa a gindin murhu, sai a cike gurbin adadin da marar kowa. Allah ya isa. Wannan ba gyaran aikin gwamnati ba ne, cin amana ne, kuma akwai ranar da za a tsaya a gaban wanda fayil ba ya ɓata a wurinsa.

Shi ya sa nake cewa ka gina fayil naka a gida. Takardar ɗaukar aiki, takardar da ta nuna ranar da ka fara, takardar tabbatarwa wadda ake bayarwa bayan shekara biyu na gwaji, shafin gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da sunanka ya fito na ɗauka da na tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, takardar canjin wurin aiki in an taɓa yi maka, izinin ƙaro karatu, shaidar albashi ta aƙalla wata shida na baya, da tarihin aikinka mai hatimi. Kowace ka yi kwafi uku, ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka ta imel. Ta asali ka nuna da hannunka ka karɓe abarka, kada ka bar ta a teburin kowa ko da ya ce gobe zai dawo maka da ita. Izinin karatun nan mutane suna raina shi: in ka yi digiri kana aiki ba tare da izini a rubuce ba, sai a ce ka bar aiki ba izini, ko a ƙi amincewa da ƙarin girman da ka samu da shi. Haka tazarar ƙarin girma, daga mataki na 07 zuwa 14 shekara uku-uku ce. In akwai inda aka ɗaga ka kafin lokaci, nemo takardar da ta halatta shi tun yanzu.

In kuma, Allah ya kiyaye, takarda ta zo, kalmar da aka rubuta a ciki ita ce komai. Kora daban, dakatar da aiki daban, ritaya saboda an soke kujera daban. Kora hukunci ce, kuma ba a yin ta sai an ba ka takardar tuhuma, an ba ka damar kare kanka, yawanci awa 72, kwamiti ya zauna. Mai mataki irin naka ba shugaban sashe ne ke da ikon sallamarsa ba, sai hukumar da doka ta ba wannan ikon, wato Hukumar Ma'aikata ta Tarayya ga na ma'aikatu, ko hukumar gudanarwa ga irin taku. Ka duba wa ya sa hannu da kuma a madadin wa. Ka karɓa, ka rubuta ranar da ka karɓa kusa da sa hannunka, kada ka ƙi karɓa don fushi, ƙin karɓa ba ya tsayar da komai. Amma duk takardar da ta ce ka yafe sauran haƙƙoƙinka, kada alƙalaminka ya taɓa ta sai lauya ya gani.

Daga ranar nan ka fara ƙirga wata uku. Akwai tsohuwar doka mai kare jami'an gwamnati da ta ce ƙara a kansu a shigar da ita cikin wata uku. Hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban a kan ko ta shafi rikicin aiki, to kai kada ka zama zakaran gwajin dafi, ka shigar kafin wa'adin. Abin da ke cinye mutane shi ne zaman jiran amsar takardar koke, ana ce musu ana dubawa, ana dubawa, har wata uku su wuce. Rubuta koken, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, amma lauyanka ya riƙa shiri. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, ba babbar kotun jiha ba, tun gyaran tsarin mulki na 2010. Wanda doka ta tsara sharuɗɗan aikinsa, in aka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya mayar da shi ta ce a biya shi albashin baya. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a kyauta ce, ita ma ba ta karɓar abin da ya wuce shekara ɗaya. Ku haɗu ku da yawa ta hannun ƙungiya, kuɗin lauya ya fi sauƙi.

Ni fa ban ce kada a gyara aikin gwamnati ba. Akwai ma'aikatan bogi, akwai ofisoshin da aikinsu ɗaya. Amma mu duba tarihi. A 1975 an sallami sama da mutum dubu goma nan take, abin da ya biyo baya shi ne ma'aikaci ya daina yarda da gobe, ya fara tara wa kansa tun yau. Zamanin Obasanjo da aka mayar da alawus-alawus kuɗi, su wa aka fara zubarwa? Direbobi, masinjoji, masu shara, masu gadi, aka ba 'yan kwangila aikinsu. A Kaduna malamai 21,780 aka ce sun faɗi jarrabawa a 2017. Kullum daga ƙasa ake yanka, alhali albashin masinja ashirin bai kai abin da ake kashe wa ayarin motocin mutum ɗaya ba.

Kafin in manta, je ka kamfanin fanshonka a buga maka bayanin asusu tun daga farko. A dokar 2014 kashi 8 naka, kashi 10 na gwamnati, ka bi wata-wata ka ga inda ba a zuba ba, ka rubuta musu tun kana ciki, don bin wannan bayan an fita wahala ce. Tunda ka fara kafin tsakiyar 2004, kana da haƙƙin shekarun tsohon tsari, kuma da takardun nan na farko ake lissafa shi. Kuɗin gidaje na NHF da ake cire maka kashi biyu da rabi, shi ma naka ne, ana mayarwa in ba ka ci bashin gida ba, nemo lambarka da littafin. Kada ka ci sabon bashin banki a kan albashi a watannin nan, kuma kada ka tsaya wa kowa. Ka gaya wa uwargida halin da ake ciki, kada ta ji a bakin maƙwabta. Ka auna jininka.

Ranar Litinin ka fara da ɗakin fayil, ka nemi a buɗe naka a gabanka ka ƙirga shafukan, abin da babu ka rubuta takarda kana neman a saka, a buga maka hatimi a kwafinka. In wata takarda ta fito kafin nan, rufe sunanka da lambarka ka turo mu ga kalmomin da aka yi amfani da su. Allah ya tsare maka abincinka, ya rufa mana asiri baki ɗaya.