Tambaya da Amsa: Mu ƙone dajin maƙabarta ko mu bar shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Tsohuwar maƙabartarmu ta cika da ciyawa da itatuwa, har an ga maciji ana tsakiyar jana'iza a daminar bana, ga kuma 'yan shaye-shaye sun mai da ita maɓoya. Mun yanke shawarar da an gama kaka za mu yi gayya mu sare komai, mu cinna wa sauran wuta. Wani dattijo ya ce kul, amma bai faɗi dalili ba. Tunda kai tsohon ma'aikacin gandun daji ne, me ka gani?
— Wani matashi daga Gumel

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka muku da alheri da kuka tuna da makwancin iyaye. Ku yi gayyar, amma ku bar ashana a gida, gatarin ma ku rage masa aiki.

Kafin ranar, ka je ka tsaya a bakin maƙabartar ka dubi gonakin da ke kewaye da ita, sannan ka juyo ka dubi ciki. A gonakin da wuya ka ga abin da ya wuce darbejiya da ɗan gawo nan da can. A ciki kuwa, in dai tsohuwa ce kamar yadda ka ce, ba za ka rasa aduwa da magarya da kurna da sabara da geza ba, wataƙila har da tsohuwar kuka ko tsamiya. Dalili a fili yake: ƙasar nan ba ta ga garma ba tun zamanin kakanninka, ba a zuba mata taki ko maganin feshi ba, masu itacen girki ma suna jin nauyin shiga. Abin da ke tsaye a wurin ragowar dajin da garinku ya cinye ne. Can za ka tarar da bushiya da kurege da hawainiya da damo, da fakara tana ƙwai a gindin gamba.

Kada ka ɗauka a nan kaɗai abin yake. A shekarar 2014 wasu masana tsirrai daga ƙasar Hangari sun zagaya maƙabartu 300 a Turkiyya suna neman wasu furanni da ake kira okid. A can ana haƙe saiwar furannin nan a yi wani abin sha mai suna salep, har sun fara ƙaranci a dawa. Sai ga su a maƙabartu 208 cikin 300 ɗin, iri 86 daban-daban. Maƙabartun Musulmi ne fa irin namu, kuma ba wanda ya shuka su, barin su kawai aka yi. A birnin Balin na Jamus an ƙirga nau'in tsirrai da dabbobi sama da 600 a maƙabarta guda ta Yahudawa da aka buɗe a 1880.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Habasha. A tsaunukan arewacin ƙasar noma da kiwo sun share daji kusan kakaf, sai 'yan kurmin da suka kewaye majami'u, inda suke binne matattunsu. Da wani masanin gandun daji, Dakta Alemayehu Wassie, ya ga shanu na cinye ƙananan tsiro, manoma kuma na ci daga gefe kaɗan-kaɗan, sai shi da limaman majami'un suka kama gina katangar dutse a kewaye. Katanga kawai. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kanta.

To, maganar maciji. Ba zan ce maka ƙarya ba, kububuwa ba abar wasa ba ce, kuma mai ɗauke da makara ba ya kallon ƙasa. Amma ka tambayi kanka me ya kawo macijin. Ɓera da gafiya yake bi, su kuma bolar da maƙwabta ke jefowa ce ke tara su. Gafiyar nan ita ce ma take haƙa ramin da ruwa ke bi ya rufta kabari. Babbar mai cin ɓera da dare kuwa ita ce mujiya, wadda muke jifa muna ce mata tsuntsuwar mayu, kuma a kogon tsohuwar bishiyar da kuke shirin sarewa take kwana. Kun sare bishiya, kun kori mujiya, kun bar wa ɓera gari.

Wuta ta fi gatari ɓarna. Maciji yana jin zafi zai shige rami ko ya faɗa gidajen maƙwabta. Bushiya ce za ta dunƙule a inda take ta ƙone, ita da hawainiya. Ƙasa kuma ta zauna tsirara duk rani, ruwan farko na zuwa ya kwashe ta, ka ga kaburbura suna buɗewa har itacen da aka jera a kai ya bayyana. Na taɓa ganin haka a wani gari bayan an ƙone maƙabartarsu, sai da aka yi ta jigilar ƙasa a amalanke ana cikewa. Saiwar ciyawar da kuke gani ƙazanta, ita ke riƙe da kabarin.

Ga yadda zan yi da ni ne shugaban gayyar. A fara kwashe bola da leda. A share hanyoyi da fartanya, masu faɗin da mutum huɗu ɗauke da makara za su wuce a sake, a kuma share sashen da ake binnewa yanzu tas. Ciyawar tsohon sashe a yanke ta da lauje bayan ta zubar da iri, rabi bana rabi baɗi, don abin da ke ciki ya sami inda zai koma. Manyan itatuwa a sassabe musu rassan ƙasa zuwa tsayin mutum, yadda wanda ke bakin ƙofa zai hango har ƙarshe. Ɗan shaye-shaye duhu yake nema, in ido na ratsawa ba zai zauna ba. Bishiyar da saiwarta ke fasa kabari, ko wadda ta ruɓe tana shirin faɗowa, ita kam a cire.

Kuɗin da kuka tara kuma ku zuba shi a katanga da ƙofa da ɗan alawus na maigadi. In bai kai na bulo ba, shingen aguwa ma ya yi kafin Allah ya hore. Idan za ku yi dashe a gefen katangar, kada ku cika ta da darbejiya don kawai ita ce mai araha a wurin masu reno. 'Ya'yanta na tsirowa ko'ina har su danne na gida. Ku nemi magarya, wadda dama da ganyenta ake wankan gawa, da kurna da aduwa.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne. Na san dai hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya tsaga ɗanyen reshen dabino ya kafa a kan kaburbura biyu, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko za a yi ƙiyasi da shi. Hukuncin yanke ɗanyar ciyawar kabari, da ko ya halatta a kai wa dabbobi wadda aka yanke, ku kai wa limamin unguwarku tun kafin ku sa ranar gayya. Dattijon nan ma ku tafi da shi, don shi zai nuna muku inda tsofaffin kaburburan da suka shafe suke, kada ku fitar da hanya ta kansu.