Amsa ga mai tambaya: ƙungiyar zumunci ta fara watsewa, ta ina za a kamo?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kun kafa ƙungiyar zumunci a unguwarku a Gadarif ta ƙasar Sudan, ku hamsin da farko, yanzu da ƙyar mutum goma sha biyar ke zuwa taro, kana neman hanyar jawo sababbi. Shawarata ku jingine neman sababbi na wata biyu tukuna. Mutum talatin da biyar ɗin da suka janye jiki suna nan a kasuwa da masallaci, kuma duk wanda kuka gayyata su zai fara tambaya. In ba ku gano abin da ya kore su ba, ɗiban ruwa da kwando za ku yi.

Ku ɗauko littafin ma'aji, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku duba watan da kowa ya daina biya da watan da ya daina zuwa. Yawanci biyan ne ke fara tsayawa, bayan wata biyu ko uku ƙafa ta ɗauke. Bashi ke korar mutane, kuma kunyarsa ta fi kuɗin kansu nauyi. Magidanci da ake binsa wata uku zai zauna a baya, da an shafa fatiha ya sulale. In ya kai wata shida, hanya ma zai canja idan ya hango ma'aji. Abin da ke ƙarasa shi shi ne karanto sunayen masu bashi a gaban taro. Wasu na ganin hakan ke sa a biya, amma wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya dawowa, ko da ya aiko da kuɗin.

Saboda haka a wata na biyu da fara bashi ma'aji ya sami mai bashin shi kaɗai, ba a waya ba, ba a gaban iyalinsa ba. Ku buɗe ƙofar hutu: wanda ya shiga matsi ya faɗa wa ma'aji, a ɗauke masa biya har wata shida, sunansa na nan, kujerarsa na nan. Waɗanda suka riga suka tafi kuma a yi musu yafiya sau ɗaya tak, su biya wata uku a share sauran. Kada a maimaita ta kowace shekara, in ba haka ba masu biya a kan lokaci za su ga su ne ake ci da guminsu. Ku tuna kuma Gadarif garin noma ne. Daga Yuni zuwa Oktoba kuɗin manomi na cikin gona, sai an yanke riɗi a Oktoba, dawa ta biyo baya a Nuwamba da Disamba, sannan hannu ke sakewa. A bar manomi da ɗan ƙodago su biya na shekara gaba ɗaya da kaka, ɗan kasuwa da mai albashi su biya wata-wata.

Sai adadin kuɗin. Kada ku rubuta lamba a tsarin mulkinku. A Fabrairun 2021 gwamnati ta saki farashin fam, kuɗin Sudan, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a hukumance, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin sai ƙaruwa. Adadin da aka yanke bara, bana ba ya sayen sukarin shayin bika, wato zaman makoki. Kowane ƙarin kuɗi kuwa rigima ce sabuwa. Ku ɗaure biyan da hatsi, misali kuɗin malwa biyu na dawa kowane wata, wato rabin kela a ma'aunin hatsi na Sudan. Ranar ɗaya ga wata mutum biyu su je kasuwa su jiyo farashi a sanar. Wanda ya ga dama ya kawo dawar kanta.

Kada kuma ku tara tsabar kuɗi, narkewa suke yi. Ku ajiye abin da zai ɗauki rasuwa uku a jere, sauran ku mayar kaya: rumfar sewan, kujeru, tabarmi, manyan tukwane, farantan siniya, gangunan ruwa. Ɗan ƙungiya ya ɗauka kyauta, na waje ya yi haya. A rubuta sunan ƙungiya da fenti a jikin komai, a naɗa mai kula da kaya da littafin fita da shiga, domin kujera ashirin kan koma goma sha huɗu cikin shekara in babu mai ƙirgawa. Wannan kaya shi ne babban mai yi muku kira. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa rasuwa da asuba, kafin hantsi an kafa rumfa an jera ruwa, shi da kansa zai zo yana tambayar yadda ake shiga.

In da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kuke karɓa, asusun ya zama na wannan aiki kaɗai, kada ya cakuɗu da cinikin ma'aji. Kowa ya tura ish'ar, wato shaidar biya, ga sakatare, ma'aji na riƙe da kuɗi, sakatare na riƙe da lissafi. Littafin takarda kuma dole ne, kun dai ga yadda sadarwa ta yanke a ƙasar nan a Fabrairun 2024. A kowane taro a karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, minti uku ya isa. Ma'aji mai gaskiya ma in ya yi shiru wata huɗu, za a fara raɗe-raɗi.

Haƙƙin ɗan ƙungiya ya kasance a rubuce, shafi ɗaya: nawa ake bayarwa a rasuwa, nawa a kwanciya asibiti, nawa a haihuwa, kuma wa ya shiga ciki. Mata, 'ya'ya da iyaye, nan a tsaya. In aka bar shi a buɗe, ranar da aka ba wani don rasuwar kawunsa aka hana wani, an shuka gaba. Sabon shiga ya jira wata uku kafin ya karɓi kuɗi, amma zaman bika da kayan ƙungiya haƙƙinsa ne tun ranar farko. Rance daga asusun taimako kuwa ku rufe ƙofarsa gaba ɗaya. Masu son adashi su yi sanduƙinsu daban da nasu littafin.

In wannan ya daidaita, sai a zo kan sababbi. Kowa ya shigo ta hannun wanda ya san shi, ya halarci taro biyu a matsayin baƙo kafin a rubuta shi, kuma wanda ya kawo shi ya biya masa su taho tare har wata uku. Kada ku karɓi fiye da biyar a wata, don a samu sanin sunan kowa. Cikin watan farko a ba shi aiki, ko rubuta kashfi, wato jerin masu ba da gudummawa, a gidan biki, ko raka masu dubiya. Mutumin da yake zuwa ya zauna ya tashi babu wanda ya nemi komai a wurinsa, a wata na huɗu ba za ku gan shi ba.

Akwai 'yan uwa da yaƙi ya koro daga Madani bayan Disambar 2023, da waɗanda suka zo daga Sinja da kewayenta a 2024. Wasu sun koma, wasu sun zauna. A ba su rabin biya na shekara guda. Da yawansu sun riƙe irin wannan aiki a garuruwansu, sun san shi ciki da bai.

Maganar matasa ita ce ta fi damuna. Jikokin waɗanda suka yi hijira daga arewacin Nijeriya bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Bahar Azraƙ, da na mahajjatan da suka yada zango a hanya, da yawansu yau Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Yaro ya yi ƙarfin hali ya miƙe ya yi magana da Hausa, dattijo ya gyara masa, a fashe da dariya, shi ke nan kun rasa shi da abokansa biyar. A bar kowa ya yi magana da harshen da ya iya, a fassara, Hausar za ta zauna a bakinsa in yana zuwa. A ba su kujera biyu a shugabanci masu ƙuri'a, ba ɗaukar tabarma kaɗai ba. Mata kuma su yi reshensu da ma'ajinsu, su ne ke fara jin labarin rashin lafiya da haihuwa.

Taro sau ɗaya a wata, rana tsayayya, awa ɗaya. Ku guji Juma'a bayan La'asar, lokacin zikirin 'yan Tijjaniyya ne. In gida-gida kuke zagayawa, a ƙayyade shayi da dabino kawai, don da wani ya yanka rago, talaka zai ɓace kafin layi ya zo kansa. Muhawarar ɗariƙa da Ansarus Sunna, da ta siyasa da yaƙi, a bar su a ƙofa, shugaba ya katse ko wane ne ya fara. Shugabanci shekara biyu, sau biyu, wanda ya sauka ya shiga majalisar dattawa masu sulhu. In kuna da niyyar rajista, dokar aikin sa-kai ta 2006 na neman aƙalla mutum talatin, don haka ma sai kun dawo da naku.

Zuwa wurin waɗanda suka tafi, a tura mutum biyu, dattijo ɗaya da abokin mutumin, ban da ma'aji. Ziyarar farko gaisuwa ce da tambayar ko an ɓata masa, a saurara, kada a kare kai. Maganar yafiyar bashi sai a ziyara ta biyu, bayan mako guda.